Yadda Birai 197 Suka Raba Kan Masana Tsufa

A watan Yulin 2009 wani hoto ya zaga jaridun duniya. Birai ne guda biyu gefe da gefe, a cibiyar binciken birai ta Jami'ar Wiskonsin da ke birnin Madison na Amurka. Na hagu sunansa Canto, shekararsa 27, siriri ne, babu tumbi babu teɓa. Na dama shi ne Owen, ɗan shekara 29, jiki ya yi nauyi, ciki ya sauko, fatar fuska ta saki. Shekara da shekaru Canto yana cin ƙasa da abin da ya saba da kusan kashi 30 cikin 100, shi kuwa Owen an bar shi ya ci ya ƙoshi. Jami'ar ta fitar da hoton ne don mutane su gani da idonsu abin da rage ci yake yi wa tsufa.

Ba kowa ne ya ga abin da aka so ya gani ba. Roger Cohen, wanda a lokacin yake rubuta sharhi a jaridar New York Times, ya dubi hoton ya ce shi dai Canto ya gani ya rame ya yi zuru-zuru kamar wanda duniya ta ishe shi, Owen kuwa yana zaune abinsa hankali kwance kamar mai murmushi. Ana iya ɗaukar maganar tasa a matsayin raha. Amma bayan shekara uku sai ga masanan kansu sun rabu gida biyu a kan wannan batu, kowane ɓangare riƙe da alƙalumansa da aikin shekara ashirin da ɗoriya a bayansa.

Daga ɓera zuwa biri

Asalin maganar ya koma 1935, lokacin da Clive McCay da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ɓeraye. Waɗanda aka rage wa abinci sosai, amma ba a hana su bitamin da ma'adanan da jiki ke buƙata ba, sun fi 'yan uwansu daɗewa a duniya. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ginshiƙin abin: a rage kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki, ba tare da an jefa dabbar cikin tamowa ba. An yi ta maimaita gwajin a ɗakunan bincike daban-daban, aka kuma ga makamancin haka a jikin yis da tsutsotsi da ƙananan ƙudaje. A 1982 Richard Weindruch da Roy Walford suka nuna cewa ko da ɓera ya kai tsakiyar rayuwarsa kafin a fara rage masa, yana samun ƙarin kwana da raguwar ciwon daji.

Sai dai ɓeran gwaji shekara biyu zuwa uku yake yi ya mutu, kuma yawancinsu ciwon daji ne ajalinsu. Ɗan Adam kuwa yana haura saba'in, abubuwan da ke kashe shi ma sun fi haka yawa. Babu kuma hanyar da za a tara ɗaruruwan mutane a auna musu kowace loma har shekara hamsin a jira a ga wanda zai riga wani. Dole a nemi wani abu a tsakani, shi ne aka faɗa kan birin da ake kira resus, wanda asalinsa nahiyar Asiya ne. Ƙwayoyin gadonsa sun yi daidai da na mutum da kusan kashi 93 cikin 100. Idan ya tsufa furfura yake yi, tsokarsa ta zube, yanar ido ta kama shi, ciwon suga ya same shi, macen kuma al'adarta ta ɗauke. A tsare yakan yi kimanin shekara 26, wanda ya yi nisa ƙwarai ya kai 40, wato tsufansa ya ninka namu sauri kusan sau uku. A nan dai biri ya yi kama da mutum, ba a karin magana kaɗai ba.

Ƙungiyoyi biyu suka ɗauki aikin, kusan lokaci guda, kowacce da tsarinta. Cibiyar nazarin tsufa ta gwamnatin Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NIA, ta fara a 1987 ƙarƙashin Donald Ingram da George Roth, ta ajiye biranta a Poolesville da ke jihar Merilan, adadinsu ya kai 121. Jami'ar Wiskonsin ta biyo baya a 1989 ƙarƙashin Weindruch da Joseph Kemnitz, da maza 30, sannan a 1994 ta ƙara mata 30 da maza 16, jimilla 76. A kowane wuri an raba biran gida biyu: waɗanda za a rage wa kashi 30 cikin 100, da waɗanda ba za a rage wa ba, a bar su a matsayin ma'aunin kwatantawa. Kuɗin duka biyun daga aljihun gwamnati ɗaya ya fito. Tambayar ma iri ɗaya ce a takarda.

Albishir daga Madison

Rahoton Wiskonsin na 2009 ya fito a mujallar Science, Ricki Colman ce a kan gaba cikin marubutansa. Cikin birai 38 masu ci su ƙoshi, 14 sun mutu da cututtukan tsufa. Cikin 38 da aka rage wa, 5 ne kawai. Ciwon suga ya kama 5 daga masu ƙoshi, wasu 11 kuma suna bakin kamuwa, alhali ko ɗaya bai taɓa ba a ɗaya ɓangaren. Ciwon daji da ciwon zuciya sun ragu da rabi. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wasu sassanta ba su motse ba kamar yadda suka motse a masu ƙoshi. Wanda ya karanta wannan ya kuma dubi hoton Canto, ba zai ga laifin jaridun da suka buga cewa an gano maganin tsufa a cikin kwanon abinci ba.

Akwai wata jimla a cikin rahoton da ba ta samu shiga kanun labarai ba. Alƙaluman 14 da 5 ɗin nan na waɗanda aka yanke hukuncin cewa tsufa ne ya kashe su ne. Akwai wasu birai 16 da suka mutu ta wasu hanyoyi, 7 daga masu ƙoshi, 9 daga waɗanda aka rage wa. Wasu allurar sa barci ce ba su farka daga ita ba, wasu kumburin ciki, wasu rauni, wasu kuma ciwon nan na mata da ke sa irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, wanda likitoci ke kira endometiriyosis. Idan aka haɗa kowace mutuwa, lissafin ya koma 21 da 14. Har yanzu akwai tazara, amma a taron da bai wuce 76 ba, tazarar ba ta kai matakin da masana ƙididdiga za su yarda cewa ba dace ba ne. Marubutan ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi ƙarara. Masu ɗauko labarin ne suka tsallake.

Wannan wuri ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin kowane ɓangare yana da hujja. Masu cire waɗannan mace-mace suna cewa: tsufa muke nazari, birin da ya mutu a kan teburin awo yana ɗan shekara goma sha biyar bai gaya mana komai game da tsufa ba, sanya shi cikin lissafi ɓata ruwa ne kawai. Masu suka kuwa suna tambaya: wa ya tabbatar muku ba rage cin ne ya raunana shi har ya kasa jure allurar ba? Idan tsarin abinci ya kare ka daga ciwon suga amma ya sa ka kasa tashi daga tiyata, ai wannan ma yana cikin farashinsa. Ni a ganina hujja ta biyu ta fi nauyi idan ana son a ɗauki darasin a kai wa mutane, domin mutum ba ruwansa da sunan da za a rubuta a takardar mutuwarsa. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: me ya kai biran ga allurar tun farko? Awon ne. Ba a auna kitsen biri ko ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa yana farke, sai an sumar da shi, kuma an yi musu haka sau da yawa a tsawon shekaru. Wato binciken da kansa ya ci wasu daga cikin waɗanda yake ƙirgawa.

Ana wata ga wata

A watan Agustan 2012 Julie Mattison da Rafael de Cabo da sauran ma'aikatan NIA suka buga nasu sakamakon a mujallar Nature. Rage ci bai ƙara wa biran Merilan kwana ba. A cikin waɗanda aka fara da su tun suna ƙanana, kashi 24 cikin 100 na rukunin ma'auni sun mutu da cututtukan tsufa, kashi 20 kuma daga waɗanda aka rage wa, abin da kusan ɗaya ne. A cikin waɗanda aka fara da su sun riga sun manyanta, tsakanin shekara 16 zuwa 23, nan ma babu bambanci. An ga alamun lafiya: kitsen jini ya ragu a tsofaffin, ciwon daji ya ragu a waɗanda aka fara da wuri. Amma ƙarin kwana, wanda shi ne abin da kowa ya zuba wa ido, babu shi.

Jaridun da suka yi shelar nasara a 2009 suka juya suka yi jana'izar batun. Wiskonsin ba ta yi shiru ba. A 2014 ta fito da sabon lissafi: mutuwar tsufa ta kai 24 cikin 38 a masu ƙoshi, 10 cikin 38 a ɗaya ɓangaren, kuma a wannan karon ko an haɗa kowace irin mutuwa tazarar ta tsaya da ƙafarta. Sannan ta jefa wa Merilan wata magana mai nauyi, cewa biran da NIA ke kira ma'auni su ma ai an rage musu ci ne, sunan kawai ba a ba su ba.

Abin da ya biyo baya ba kasafai ake ganinsa ba a duniyar bincike. Maimakon kowa ya ja daga, ƙungiyoyin biyu suka zauna suka zube bayanansu wuri ɗaya, suka kira masanin ƙididdiga daga waje, suka fitar da rahoto na haɗin gwiwa a Janairun 2017 a mujallar Nature Communications, da sunan Mattison da Colman da de Cabo da Rozalyn Anderson duka a kansa. Da aka jera gwajin biyu kafaɗa da kafaɗa, sai aka ga ashe tun ranar farko ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Abin da ke cikin kwano

A fara da abincin kansa. Na Wiskonsin haɗi ne na sinadarai tatattu: furotin ɗin madara, man masara, sitaci, da sukari. An zaɓi haka da kyakkyawar niyya, don a san ainihin abin da ke cikin kowane dunƙule, kada amfanin gonar bana ya bambanta da na baɗi ya rikita lissafi. Amma sukarin da ke ciki ya kai kashi 28.5 cikin 100. Na Merilan kuwa daga alkama da masara da waken soya da garin kifi da ciyawar alfalfa aka haɗa shi, sukarinsa kashi 3.9 ne kacal, mansa kuma rabin na Wiskonsin. Ka ga kenan birin da aka rage wa kashi 30 a Madison, guba mai daɗi aka rage masa. Wanda aka rage wa a Poolesville kuwa, abinci mai kyau aka rage masa. Ba a yi tsammanin sakamakon zai zo ɗaya ba da an lura da wannan tun farko.

Sai yadda ake zuba shi. A Wiskonsin an fara da auna abin da kowane biri ke ci da kansa na wasu watanni, daga nan aka riƙa zare kashi 10 duk wata har aka kai 30. Na ma'auni kuma aka bar musu abinci a gabansu tun safe, su ci yadda suka ga dama, sai da la'asar a kwashe ragowar a miƙa wa kowa ɗan yankin 'ya'yan itace, daga nan babu ci sai gobe. A Merilan ba a taɓa barin na ma'auni su ci yadda suke so ba. An duba jadawalin abin da biri mai wannan shekaru da wannan nauyi yake buƙata, aka auna musu daidai, sau biyu a rana, don kada su yi ƙiba. Da aka kwatanta nauyinsu da na sauran biran resus da ke tsare a cibiyoyin Amurka, masu ƙoshin Wiskonsin sun fi matsakaici nauyi, na ma'aunin Merilan kuma ba su kai matsakaici ba. Tsofaffin mazan Merilan da ake kira ma'auni, nauyinsu ya yi kusa da na biran Wiskonsin da ake cewa an rage wa. A wasu rukunan mata na Merilan ma, da tafiya ta yi nisa, ba a ga wani bambancin nauyi na a-zo-a-gani tsakanin ɓangarorin biyu ba.

Nan ne bakin zaren yake. Cewa "an rage kashi 30" ba ta da ma'ana sai an faɗi daga me aka rage. Wiskonsin ta kwatanta mai cin daidai da mai cin sukari har ya ƙoshi, ta samu tazara. Merilan ta kwatanta mai cin daidai da mai cin ƙasa da daidai, ba ta samu ba. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce tsawon ran tsofaffin mazan Merilan: ko an rage musu ko ba a rage ba, rabinsu sun kai wajen shekara 35, kusan shekara tara sama da abin da aka saba gani. Biran Wiskonsin da aka rage wa kuwa, waɗanda aka yi ta yi wa tafi, matsakaicinsu kusan 28 ne a maza, kusan 30 a mata. Wato rukunin da aka ce gwaji ya faɗi a kansa ya fi wanda aka ce ya yi nasara daɗewa.

Biran kansu ma ba iri ɗaya ba ne. Na Wiskonsin duk 'yan asalin Indiya ne, haifaffun cibiyar, an san tarihin kowanne, kuma duk baligai ne 'yan shekara 7 zuwa 14 lokacin da aka fara. Na Merilan tattaro su aka yi daga wurare daban-daban, wasu jinin Indiya wasu jinin Sin, daga 'yan shekara ɗaya zuwa dattawa. Wasu matan daga wata cibiyar binciken soja aka karɓo su, kuma da yawansu ciwon mahaifar nan ya kama su da tsanani. Idan ka raba birai 121 gida-gida bisa shekaru da jinsi da abinci, kowane gida 'yan ƙalilan ne za su rage a ciki, mutuwar biyu ko uku ta isa ta karkatar da lissafi.

Rahoton 2017 ya yanke cewa rage ci yana inganta lafiyar biri da tsawon ransa idan an fara bayan ya balaga, amma ba ya amfanar wanda aka fara masa yana kan girma, saɓanin ɓera da ake cewa gara a fara da wuri. Ya kuma ce kitse ya fi cutar da maza fiye da mata. Sunan rahoton ya karkata ga ɓangaren Wiskonsin, kuma ina jin ya ɗan fi ƙarfin abin da ke cikinsa. Abin da alƙaluman suka tabbatar ba tare da gardama ba shi ne cewa ci fiye da kima, musamman na abinci mai sukari, yana gajarta ran biri. Ko ragewa ƙasa da daidai yana ƙara wani abu a kan haka, biran Merilan ne kaɗai aka yi wa wannan tambaya, su kuma amsarsu ba ta fito fili ba.

Da aka koma wa ɓeran

Rikicin ya sa an sake duban ɓerayen da aka gina komai a kansu, sai aka tarar su ma tsugune ba ta ƙare ba. Ɓeran gwaji na ma'auni yana zaune ne a ɗan akwati, abinci a saman kansa dare da rana, ba gudu ba neman abinci, kuma an yi zuriya bayan zuriya ana zaɓen masu saurin girma da yawan haihuwa. Shi ma ɗin Owen ne a ƙaramin jiki. Tun a 2006 Steven Austad da abokan aikinsa suka gwada rage ci a kan jikokin ɓerayen da aka kamo daga daji, matsakaicin ransu bai ƙaru ba, ko da yake ciwon daji ya ragu. A 2010 wani gwaji da aka yi da dangogin ɓera 41 ya nuna dangogin da rage kashi 40 ya gajarta wa rai sun fi waɗanda ya tsawaita wa yawa.

De Cabo ya yi wata dabara mai kyau: ya ɗauki irin abincin Wiskonsin da irin na Merilan ya ciyar da ɓeraye da su. Sakamakon da ya fito a 2019 ya zo da abin da ba a zata ba. Irin abincin bai canja tsawon ransu ba. Abin da ya canja shi ne tsawon lokacin da suke yi ba ci. Waɗanda ake ba abincin yini a zama ɗaya, ba tare da an rage musu komai ba, sun fi masu ci kowane lokaci daɗewa da kusan kashi 11 cikin 100, waɗanda aka rage wa kuma da kashi 28. Dalili kuwa, ɓeran da aka rage wa abinci yakan cinye rabonsa cikin 'yan sa'o'i, sauran yinin ya zauna ciki wayam. Shekara tamanin ana cewa kalori ake aunawa, ashe an haɗa da dogon zama babu ci ba a sani ba. A 2022 ɗakin binciken Joseph Takahashi ya raba abubuwan biyu: rage kalori shi kaɗai, ana tsinka abincin dare da rana, ya ƙara kashi 10, idan aka haɗa da bayarwa da dare kawai, lokacin da ɓera ke farke, ya kai kashi 35. Wanda ya lura cewa biran Wiskonsin ana kwashe musu kwano da la'asar, na Merilan kuma abincinsu na rana yakan kwana a gabansu, zai ga wani bambancin kuma da ba a yi lissafinsa ba a 1989.

Sai kuma gwajin da cibiyar binciken ɓeraye ta Jackson da ke Amurka ta buga a 2024, da ɓeraye mata 960 masu gado mabambanci. Rage kashi 40 ne ya fi tsawaita rai, amma gadon kowane ɓera ya fi abincin tasiri, kuma waɗanda suka fi daɗewa su ne waɗanda jikinsu ya ƙi zubewa duk da ragin. Masu saurin ramewa su suka riga mutuwa.

Mutane fa?

An gwada, iya abin da za a iya. A gwajin da ake kira CALERIE, mutum 218 marasa ƙiba, 'yan shekara 21 zuwa 50, a cibiyoyi uku na Amurka, an nemi kashi biyu cikin uku nasu su rage kashi 25 na abincinsu har tsawon shekara biyu. Duk da masu ba da shawara da ke biye da su, abin da suka iya bai wuce kusan kashi 12 ba. Biri ba shi da zaɓi, mutum kuwa yana da firji. Ko a hakan sun rage kusan kashi goma na nauyinsu, hawan jini da kitsen jini da yadda jiki ke sarrafa suga duk sun gyaru, amma ƙashi ya ɗan rage ƙwari a wasu gaɓoɓi. Wani awo da aka yi daga baya a jininsu, wanda aka buga a 2023, ya nuna saurin tsufa ya ragu da kashi 2 zuwa 3. Shekara biyu ba za ta faɗi komai game da tsawon rai ba. Shi kansa Walford, wanda ya shafe shekaru yana bin tsarin a kan kansa yana kuma wa'azinsa, ya rasu a 2004 yana da shekara 79, da wata cutar jijiya mai shanye tsoka. Mutum ɗaya ba hujja ba ne ta kowane ɓangare, amma masu suka ba su taɓa mantawa da ambatonsa ba.

Abin da biran suka biya

Ba za a iya sanin abin da biri ya ci ba idan yana cikin taro, domin babba zai ƙwace na ƙarami. Saboda haka a duka cibiyoyin biyu kowane biri a kejinsa yake shi kaɗai, yana ganin 'yan uwansa yana jin kukansu. Resus dabba ce ta dangi, a daji cikin garke yake kwana yake tashi, yini yake ana tsefe masa gashi yana tsefe wa wani. Wasu daga cikin waɗannan birai sun yi sama da shekara ashirin a haka. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idojin da ake bi har yau: a musanya dabba da wata hanya inda zai yiwu, a rage adadinsu, a sauƙaƙa musu wahala. Wannan lamari ya nuna inda ƙa'idojin ke karo da juna. Rage adadi ne ya sa rukunan suka yi ƙanƙanta har amsar ta yi rauni, kuma da cibiyoyin biyu sun daidaita abinci da tsari tun farko, da birai 197 ɗin sun zama gwaji ɗaya mai ƙarfi maimakon biyu masu jayayya. A ɗaya gefen kuma, da sun daidaita a kan abincin Wiskonsin, da yau kowa ya yarda an gano maganin tsufa, babu mai tambayar me ke cikin kwanon Owen. Saɓanin ne ya tona abin.

Keɓewar ma ba batun tausayi kaɗai ba ne, tana shiga cikin lissafi. Dabbar da ba ta gudu, ba ta faɗa, ba ta ɗaukar ciki, ba ta haɗuwa da cututtukan waje, ɗakinta kuma ba zafi ba sanyi, ba ta buƙatar ajiyar kitsen da mai rayuwa a fili yake buƙata ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Gwajin bai auna wannan ba, kuma ba a tsara shi don ya auna ba.

Da wuya a sake irin wannan aiki. Waɗanda suka fara shi a ƙarshen shekarun 1980 sun miƙa wa na bayansu tun kafin biran su ƙare, abin da ake nazari yanzu shi ne jini da hanta da tsoka da ƙwaƙwalwar da aka adana a cikin sanyi. A lokacin rahoton 2017, wasu mazan Merilan sun haura shekara 40, cikinsu har da na rukunin ma'auni. Wanda ya fi kowa, wani mai suna Sherman daga cikin waɗanda aka rage wa, ya kai 43, shekarun da ba a taɓa rubuta wa wani birin resus ba kafin shi. A gwajin da jaridu suka ce ya faɗi aka same shi.